Rabon kyauta, talla ko sayen mabiya: ina ya kamata kuɗinki su tafi?

Duk mai shafin girki ko ɗinki ko rubutun labarai a soshiyal midiya ta san irin ranar nan: kin kwana kina haɗa bidiyo, kin ɗora da safe, har la'asar waɗanda suka gani ba su taka kara sun karya ba. A irin ranar ce ake fara lissafin 'yan kuɗin da ke asusu, ana tunanin inda za a zuba su mabiya su ƙaru. Ni ma na yi wannan lissafin a shafina na girki, na kuma yi asara a wasu wuraren, shi ya sa nake so ki ji kafin ki tura ko sisi.

Sayen mabiya kam ki cire shi daga lissafi. Masu shigowa akwatin saƙo suna cewa dubu kaza a naira kaza, asusun bogi suke sayarwa. Instagram da TikTok da YouTube duk sun haramta hakan, kuma sukan share irin waɗannan asusun. Ga shi ha'inci ne ga duk wanda zai ba ki talla yana zaton mutane ne ke kallonki.

Hanyar da ta fi ruɗar mu ita ce shiga rabon kyautar babban shafi. Mai shafin tana tara masu ɗaukar nauyi, kowa ya biya kasonsa, a sayi waya ko a ware kuɗi, sharaɗin shiga kuwa shi ne a bi duk sunayen da aka jera. Na taɓa biya. Kwana uku wayata ba ta huta ba, har na kira yayata ina mata albishir. Ranar da aka sanar da wadda ta ci, sai mabiyan suka fara zubewa kamar ganyen kaka. Waɗanda suka tafi ma sun yi min adalci, waɗanda suka zauna shiru su suka fi cutar da shafin. Manhajojin nan suna duba yadda mutane ke tsayawa su kalli abu, su yi sharhi, su tura wa wasu, da haka suke yanke shawarar ko za su ƙara yaɗa shi. To mutumin da ya bi ki don waya, me zai tsaya yi a kan bidiyon miyar kuka? Zai wuce, kuma wucewarsa tana rage wa bidiyon daraja har a wurin masoyanki na asali. Idan har za ki shiga, ki tambayi mutum nawa ne a jerin. In sun yi yawa, sunanki ɓacewa zai yi a cikinsu. Ki kuma nemi wata da ta taɓa shiga, ki ji mabiya nawa suka rage mata bayan wata guda.

Rabon da kika shirya da kanki ya fi, amma sirrinsa yana cikin kyautar. Katin waya da data da tsabar kuɗi kowa na so, don haka kowa zai zo, har masu asusu biyar da sana'arsu ke nan. Da na koma raba yajin daddawa da garin kunun gyaɗa da nake haɗawa, waɗanda suka shiga ba su kai na da ba, amma matan da ke shiga kicin ne, kuma har yau wasunsu ke sayen kayana. Mai ɗinki ta ba da ɗinkin atamfa ɗaya, marubuciya ta ba da littafinta. Ki sa kuɗin aikawa tasha cikin lissafi tun farko, ki faɗi garuruwan da za ki iya kaiwa, da ranar rufewa, sannan ki zaɓi wadda ta ci a bidiyon kai tsaye don kada a ce 'yar gida kika ba.

Akwai ƙa'idojin da yawancinmu ba mu karanta ba. Facebook ya hana a sa sharaɗin cewa sai mutum ya ɗora abin a shafinsa na kansa ko ya maƙala sunayen abokansa kafin ya shiga gasa, kuma tun Disambar 2017 yake rage yaɗuwar rubutun da ke roƙon so da sharhi. Instagram kuma yana buƙatar ki bayyana cewa ba shi ne ya ɗauki nauyin rabon ba. Kada ki karɓi kuɗin shiga, ko naira ɗari ce, domin da zarar an biya don a gwada sa'a abin ya zama caca. Kuma don Allah ki daina cewa a ajiye lambar asusun banki a wurin sharhi. 'Yan damfara suna buɗe shafi mai kama da naki, su bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya suna cewa sun ci, su turo kuɗin mota ko lambar sirrin da ta shigo wayarsu.

Biyan Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram, kuɗin talla ba ya kawo ruwan mabiya dare ɗaya, sai dai ke ce ke zaɓar gari da shekaru da jinsin waɗanda za su gani, ke ce kuma ke ƙayyade abin da za a kashe a rana. Mai sayar da abinci a Kaduna ba ta buƙatar mabiya daga Fatakwal. Ki tuna cewa tun Janairun 2022 ake ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan tallan a Najeriya. Ki zaɓi bidiyon da ya riga ya karɓu da kansa, shi za ki sa wa kuɗi.

Hanyar da na fi so ba ta cin komai sai zumunci. Tun 2021 Instagram ya ba da damar shafi biyu su ɗora abu ɗaya tare, ya fito a wurin mabiyan kowa. Mai girki ta haɗa da mai sayar da tukwane, su raba kyauta ɗaya, kowa ta kawo rabi.

Da zan sake farawa da 'yan kuɗi kaɗan, zan raba su biyu: rabi ga kyautar da ta fito daga sana'ata tare da abokiyar haɗin gwiwa, rabi ga tallan kwana biyar ko bakwai a garina. Duk wadda ta shigo kuma zan gayyace ta tashar WhatsApp ɗina, wato Channel, irin wadda aka fara a 2023. Waɗanda suka tara jama'arsu a Twitter kaɗai sun ji jiki lokacin da gwamnati ta dakatar da shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, shi ya sa duk wadda ta taɓa sayen yajina, sai na nemi izininta na ajiye lambarta a littafi.