Zolpidem ko Diazepam: Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Rashin Barci?

Duk wanda ya taɓa kwana ido biyu har kiran assalatu ya san abin da ke kai mutum neman ƙwayar barci. Cikin waɗanda likitoci ke rubutawa akwai zolpidem da diazepam, wanda aka fi sani da Valium.

Dukansu suna ƙarfafa aikin sinadarin GABA ne, mai kwantar da ƙwaƙwalwa. Bambancinsu yana wajen daɗewa a jiki. Zolpidem don barci kaɗai aka yi shi. Cikin rabin sa'a ya kama, bayan sa'o'i biyu zuwa uku kuma rabinsa ya bar jini. Diazepam kuwa, da ya shigo kasuwa a 1963, ya fi amfani ga tsananin damuwa da jijjiga da ɗaurewar tsoka. Yakan kwana ya wuni a jini, mutum ya tashi jiki a mace, ga jiri. Na fi jin tsoron wannan ga direbobi da tsofaffi, domin faɗuwa ɗaya kan karya ƙugun dattijo.

Zolpidem ma ba kanwar lasa ba ne. A 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta rage wa mata awonsa daga miligiram 10 zuwa 5, a 2019 kuma ta yi kakkausan gargaɗi cewa wasu kan tashi su yi tafiya ko tuƙi cikin barci, da safe ba su tuna komai.

A ganina, idan ɗaukar barci ce kaɗai matsalar, zolpidem ya fi dacewa, shi ma kada ya wuce mako huɗu. Jiki na sabawa da dukansu, haɗa su da giya ko tramadol ko kodin kuma na iya tsayar da numfashi.