Soson goge fenti: wanda ya yi mini aiki a zafin Garwa

Tun da na ƙara gyaran fenti a kan wankin motar da muke yi a nan Garwa ta Kamaru, tambayar da 'yan'uwa masu sana'a suka fi yi mini ita ce wane launin soso za su saya. Daga Marwa ake bugo mini, har daga Kuseri. Amsar da nake ba kowa ɗaya ce: launi ba ya gaya maka komai sai ka san kamfanin da ya yi soson. A wajen Rupes na Italiya, shuɗi shi ne mai kaushi, rawaya na biye da shi, fari kuma na gamawa. A wajen 3M kore ne mai ci, shuɗi shi ne mafi laushi. Koch Chemie na Jamus ja suke sa wa mai ci sosai, alhali ja a wasu kamfanonin Amurka na shafa kakin ƙarshe ne kawai. Wanda ya ɗauki shuɗi yana zaton mai laushi ne, ya ɗora a baƙar mota, zai ga abin da bai nema ba.

Inji biyu nake aiki da su. Akwai mai juyi ɗaya, irin wanda masu fenti suka saba da shi, sai kuma mai juyi da karkarwa, wanda karkarwarsa milimita 15 ce, farantinsa da ake manna soso a kai kuma faɗinsa milimita 125. A kansu na gwada kwalin soso mara suna da ake samu a kasuwa, da na gashin tunkiya, da na maikrofaiba, da rawayan Rupes.

Kafin maganar soson kansa, sai an san abin da ake gogewa. Fentin mota sabuwa daga kamfani, idan aka haɗa share fage da launi da rufin sama mai sheƙi da masu fenti a nan ke kira verni, yawanci kaurinsa tsakanin maikiron 100 ne da 150 (maikiron dubu ne milimita ɗaya). Vernin kaɗai bai cika wuce 40 zuwa 50 ba, wato bai kai kaurin takardar ofis guda ba. Inji kuma ba cike ƙarce yake yi ba, yana cin vernin da ke kewaye ne har ya sauko daidai da gindin ƙarcen. Abin da aka cinye ya tafi ke nan, sai dai a sake fesawa. Shi ya sa duk ƙarcen da farce ya maƙale a cikinsa nake gaya wa mai mota tun da wuri cewa zan rage masa ganinsa ne kawai.

Motocinmu kuwa ƙarce ba ya musu wuya. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana kwana a jikin mota, da safe direba ya ɗauko busasshen tsumma ya bi ta da shi daga bonet har but. Masu wanki a bakin Binuwai su ma bokiti ɗaya ne da tsumma ɗaya, taya da ƙofa duk da shi. Ka haska tocila a jikin baƙar Corolla da ta shekara biyu a garin nan, za ka ga zane zagaye-zagaye ko'ina. Sannan ga zafi. A Maris da Afrilu ma'auni yana haura 40, ƙarfen baƙar mota da ta tsaya a rana ba ya taɓuwa da tafin hannu. Duk abin da zan faɗa a kan soso, da wannan ƙura da wannan zafi na auna shi.

Kwalin mara suna yana da ban sha'awa a ido: launi biyar ko shida, da ɗan faranti a ciki, kuɗinsa gaba ɗaya bai kai na soso ɗaya mai suna ba. Da ka matsa su da yatsa sai ka ji bambancin taurinsu kaɗan ne, kuma da inji ya ɗauki zafi duk sai su zama ɗaya, su yi laƙwas. Babbar matsalarsu gam ɗin da ya riƙe mannen Velcro a bayansu, wato abin da ke kama soso da faranti. A injin karkarwa, wanda ke girgiza soso ba tsayawa, tsakiyar ce ke fara lotsawa, sai gam ya saki, soson ya fita ya bar faranti tsirara kusa da fentin mutane. Ban yar da su ba, yara suna shafa kaki da su da hannu, kuma a nan ba su da laifi.

Na gashin tunkiya shi ne ya fi ba ni mamaki, domin yawancin masu koyo tsoronsa suke ji. Gaskiya yana da ci. Amma iska tana ratsa gashin, saboda haka yana gama aiki da wuri, ƙarfe bai yi zafin da yake yi a ƙarƙashin soso mai tauri ba. A garin da mota ke shigowa rumfa tana huci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Motar da aka sake wa fenti aka bi da sanfefa mai lamba 1500 ko 2000, ko Marsandi mai taurin verni da soson roba ke ta zamewa a kai ba ya cin komai, gashi da man goge mai kaushi irin Menzerna 400 ko Farécla G3 ne ke fitar da ni kunya. Sharaɗinsa ɗaya: ba a gama aiki da shi. A injin juyi ɗaya yana barin sawunsa, wani irin walƙiya mai bin hannu da ba a gani a rumfa, sai mota ta fita rana. Masu fenti da yawa a nan suke tsayawa, su shafa kaki ya rufe, bayan wanki biyu ko uku sawun ya dawo, mai mota ya ce an cuce shi. Dole a bi bayan gashi da soso mai laushi da man gamawa.

Maikrofaiba kuwa ina da ra'ayi biyu a kansa. A injin karkarwa yana cin ƙarce kusan kamar gashi, kuma ya fi shi barin wuri sumul. Sai dai zarensa yana kwanciya da wuri, ya daskare da mai da garin verni, kuma yana tara zafi. Idan kana da injin iska ka hure shi bayan kowane ɗan fage, zai yi maka aiki mai kyau. Idan ba ka da shi, ko wuta ta ɗauke kuma janaretanka ba zai ja inji biyu ba, ka bar shi a kanti. Buroshi yana tayar da zaren, amma ba ya fitar da abin da ya shige ciki.

Wanda ya zama ɗan gida shi ne rawayan Rupes. Mafi yawan motocin da ke zuwa wurinmu Toyota ne, Corolla da Avensis da Yaris da Hilux, kuma fentin motocin Japan galibi ya fi na Jamus laushi. A irin wannan fenti, rawayan da mai matsakaici kamar Menzerna 2500 yana kwashe mafi yawan zanen wanki a zagaye guda, ya bar sheƙin da ba sai an sake bi ba. Gefensa a karkace yake, fuskar ta ɗan fi bayan faɗi, don haka faranti ba ya kusantar madubi ko hannun ƙofa. An wanke shi an sake wankewa, mannen bayansa yana nan. Da tsada, kuma sai na yi saƙo Duwala ko na jira mai dawowa daga waje, amma ya biya kuɗinsa.

Duk da haka, da za a ce in zaɓa tsakanin soso ɗaya mai suna da guda biyar masu matsakaicin kyau iri ɗaya, biyar ɗin zan ɗauka. Nan ne na ga aikin mutane yake lalacewa. Soso ɗaya ba ya zagaye mota. Kafin ka gama bonet ya sha mai ya yi nauyi, ya yi zafi, ya daina ci, sai mai aiki ya ƙara mai ya ƙara danna inji, abin ya ƙara taɓarɓarewa. Ni kowane ɓangare biyu nake canzawa, wanda na cire ya huce a cikin leda. Ledar ba ado ba ce. Soson da aka ajiye a kan benci lokacin hunturu, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ya zana ƙofa gaba ɗaya. Wanda ya faɗi ƙasa kuwa ya gama aikin ranar, sai wanki.

Kowace mota da gwaji nake farawa. In kewaye ɗan fage a bonet da salatif, kamar kamu biyu kowane gefe, in fara da soso mafi laushi da nake zaton zai iya. In ya yi, shi ke nan, da shi za a bi motar. In bai yi ba, in hau mataki ɗaya. Wani Alhaji da ya kawo baƙar Prado ya tsaya yana kallo, ya ce, "Malam, ka sa mai ƙarfin nan mana mu gama, ina da tafiya Ngaundare." Na ce, "Ranka ya daɗe, mai ƙarfin yana nan, amma abin da zai ci daga motarka ba ni da inda zan samo in mayar maka." Ya yi dariya ya aika a kawo masa shayi.

Gwajin yana tona wani abu kuma. Motocin da ake saukewa a tashar jirgin ruwan Duwala, da yawansu sun taɓa ganin mai fenti, ko a Turai ko a nan gida. Ƙofa ɗaya fentin kamfani, ta kusa da ita mastik ne, wato abin cike lotsawa, da fenti mai kauri, ta uku kuma verni ɗan siriri da aka fesa cikin gaggawa. Soson da ya yi daidai a wannan zai iya ƙona waccan, musamman a kan kaifin ƙarfe da bamba ta roba, wadda ba ta sakin zafi kamar ƙarfe. Wasu fararen Hilux da tsofaffin motoci kuma ba su da verni sam, launin ne a waje. Za ka gane da zarar soso ya ɗauki launin motar. Ba ɓarna ba ce, amma soso yana cika da sauri, sai ka tanadi ninkin abin da ka saba.

Wanki ba wuya: ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun ruwa tun man bai bushe ba, a matse a tafin hannu ba tare da murɗawa ba, a kife shi mannen yana sama a inuwa. Rana tana busar da shi da wuri amma tana kashe gam. Wanda bai bushe sarai ba kada ya hau inji, ruwan da ke ciki zafi yake zama.

Kwanan nan na ƙara ƙaramin faranti mai milimita 75 da sosonsa, da niyyar ginshiƙan ƙofa da kewayen lamba, wuraren da babba ba ya shiga. Sai ga shi 'yan acaba sun gano. Garwa garin babura ne, kuma mai sabon babur yana son tankinsa ya yi ƙyalli fiye da yadda mai Prado ke so. Da ƙaramin soso mai laushi tanki ba ya ɗaukar lokaci, sai dai a rufe sitika da salatif, don gefenta na cin soso. Fitilun mota da suka yi rawaya su ma da shi nake gamawa bayan sanfefa mai lamba 3000, a hankali, saboda roba ce kuma tana narkewa idan inji ya daɗe wuri ɗaya.