Hattara da mai tallan kayan haɗa jirgin Endeavour

Jama'ar Zariya, musamman ɗaliban Samaru masu sha'awar haɗa ƙananan samfura da katako, akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp yana tallan kayan haɗa samfurin jirgin ruwa mai suna Endeavour. Don Allah kada kowa ya tura masa ko sisi. Ya damfari ƙanen matata, kuma da muka bincika ba shi kaɗai ba ne.

Jirgin da yake talla da shi na gaske ne, shi ya sa zancen ke shiga kunne. Endeavour jirgin tsere ne mai tafiya da iska, kamfanin Camper & Nicholsons ya ƙera shi a Gosport ta Ingila a 1934 don Thomas Sopwith, ya nemi kofin Amurka na gasar tseren jiragen ruwa a shekarar, ya ci zagaye biyu na farko sannan jirgin Amurka mai suna Rainbow ya doke shi. Kamfanin Amati na Italiya na sayar da kayan haɗa samfurinsa, kuma hotunan irin waɗannan kaya na asali mutumin ya kwaso a intanet yake cewa nasa ne.

Ga yadda yake yi. Zai ce kaya suna Legas, saura kwali biyu kacal, a ba da kafin alƙalami a riƙe maka ɗaya. Kana biya sai ya dawo da maganar kuɗin kwastan, daga nan kuɗin mota zuwa Kwangila. Sunan da ke kan asusun daban, na shafinsa daban, wai na yayarsa ne. In ka ce a yi kiran bidiyo ka ga kayan, nan take sabis ya lalace.

Abin da ya fi ba ni haushi, ya aiko da kwalin fa. Yaron ya je tasha da murnarsa, aka miƙo masa abin da bai fi kwalin takalmi ba. A nan ma magana ta ƙare, domin tsawon Endeavour ya kusa mita 40, kuma an ce wa yaron sikelin 1:35 ne, wato jirgin gaske ya ninka samfurin sau 35 a tsawo. Raba 40 da 35, samfurin zai haura mita ɗaya. Ko na 1:80 kusan rabin mita ne. Siraran katakan da ake lulluɓe jikin jirgi da su dogaye ne, ba a naɗe su, to ta ina za su shiga wannan kwali?

Ya buɗe a gabana. Guntayen falanki da aka yanka da zarto, gefensu duk kaushi, sandunan tsire ɗauri ɗaya, zaren ɗinki, da hoton jirgin da aka buga a takarda har tawada ta zuba. Kayan asali da na'ura ake yanka su, haƙarƙarin jirgin na manne a jikin allonsa kowanne da gurbinsa, ga ƙananan kayan tagulla a leda, ga babbar takardar zane da za ka bi. Ko ɗaya babu. Kafin magariba an toshe lambar yaron, shafin kuma ya sauya suna ya ci gaba da talla.

Wanda ke son kayan nan da gaske, ya sa mai sayarwa ya ɗora awo a kan kwalin cikin bidiyo, ya buɗe takardar zanen, ya faɗi sunanka da bakinsa. In ya ce yana da wakili a Zariya, ku haɗu a PZ ko Sabon Gari da rana, ka ga kaya ka biya.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge hirar. Ya adana shaidar biya da lambar asusun, ya sanar da bankinsa yau ɗin nan, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna. Mu mun fara tattara namu takardun, duk wanda abin ya shafa ya yi mini magana mu tafi tare.