NOCO GB40: ɗan akwatin tada batiri ga masu motar lantarki a Damagaram

Mota cike da caji, amma ka danna makulli ƙofa ta ƙi buɗuwa, allo ya yi baƙi ƙirin. Galibi babban batiri lafiyarsa ƙalau. Ƙaramin ne ya mutu, mai volt 12, wanda ke kunna kwamfutar mota, ita kuma ta jona babban batirin. Zafin Afrilu da Mayu a Damagaram kuwa cin irin wannan batiri yake kamar gara.

GB40 bai wuce kilo ɗaya da ɗan kai ba, ana cajinsa da wayar USB. An rubuta masa ampiya 1000, wanda ya fi ƙarfin wannan aiki nesa ba kusa ba, tunda babu injin da za a murza, kwamfuta kawai za a tasa daga barci.

Zare ɗan makullin ƙarfe da ke ɓoye cikin rimot, ka buɗe ƙofar direba, ka ɗaga murfin gaba. Kan ƙaramin batiri na + ya samu jan hannun wayar akwatin, baƙin kuma ka maƙala shi a ƙarfen jikin mota inda babu fenti. Kunna akwatin, taka birki, danna maɓallin tada mota. Da kalmar READY ta fito a allo, alamar mota ta tashi, kashe akwatin, cire baƙi sannan ja. Bar motar a kunne kamar rabin awa, ita za ta yi wa ƙaramin caji daga babba. Wayoyi masu launin ruwan goro na babban batiri ne, ko kusa da su kada hannunka ya je.

Wayoyin akwatin gajeru ne, in batirin motarka a lungu yake sai ka yi ta lalube. Abin da ya fi rikita mutane shi ne batirin da ya faɗi ƙasa da volt 2: akwatin ba ya ganinsa, sai a ce akwatin ya lalace. A jikin akwatin akwai maɓalli mai alamar motsin rai (!) da ake dannewa ƴan daƙiƙu ya saki wuta dole. Sai dai a lokacin kariyarsa a kashe take, in ka juya ja da baƙi za ka iya ƙona fis ko kwamfutar kanta. Duba sau biyu.

Masu ƙera akwatin ba su yarda a ajiye shi inda zafi ya haura digiri 50 ba, motar da ta wuni a rana a bakin kasuwar Dole kuwa cikinta ya fi haka. Sa shi a jaka, ka shiga da shi inuwa.

Ya cancanci saye, amma tadawa kawai yake, ba ya gyara. Auna ƙaramin batirin da safe kafin ka kunna mota: volt 12.6 lafiya, ƙasa da 12 ka nemi sabo. In a READY bai kai 13.5 ba, a duba na'urar da ke yi masa caji.