Sharhi: Karatu da Wasanni a Tsohuwar Sakandare Mai Tace Ɗalibai

Na rubuta wannan sharhi a matsayin uban da ɗansa ya gama irin makarantar nan mai tsohon suna, wadda ba a shiga sai an ci jarrabawa mai tsauri. Hukuncina shi ne makarantar ta cancanci wahalar shigarta, amma ba saboda dalilin da yawancin iyaye ke rububinta ba.

Iyaye sakamakon jarrabawar fita suke kallo. Sai dai makarantar da ta tsince yaran da suka fi kowa maki tun a ƙofa, dole sakamakonta ya yi kyau, ko malamanta sun yi ƙoƙari ko ba su yi ba. A 2014 Atila Abdulkadiroğlu da Joshua Angrist da Parag Pathak sun wallafa bincike kan makarantun Boston da New York na Amurka masu tace ɗalibai, ciki har da Boston Latin da aka kafa a 1635. Sun kwatanta yaran da suka haye makin shiga da kyar da waɗanda suka faɗi da kaɗan, sai suka tarar bambancin makinsu a jarrabawoyin gaba bai taka kara ya karya ba. Don haka allon sakamakon da ke bakin ofishin shugaban makaranta ba ma'auni ba ne a wurina. Abin da na auna shi ne yadda yaro yake cinye yininsa.

A nan makarantar ta burge ni. Darasi ɗaya minti 40 ne, amma darussan kimiyya ana haɗa biyu a jere domin aikin ɗakin gwaje-gwaje, kuma yaran ne ke yin aikin da hannunsu, biyu-biyu a kan teburi. Ɗauki awon asid da alkali a darasin kemistiri. Yaro zai ɗebi alkali santimita kubik 25, ya ɗiga masa sinadarin da ke sauya launi, ya riƙa sakin asid daga dogon bututun gilashi mai famfo har launin ya juya, sannan ya maimaita har karatu biyu su yi kusan daidai. Kurakuran da ke ɓata aikin sanannu ne. Idan ya ɗauraye bututun da ruwa kawai, bai bi shi da asid ɗin ba, asid zai tsinke, adadin asid ɗin da za a saki ya haura. Idan ya bar kumfar iska a bakin famfon, lissafin ya karkace. Idan ya karanta ma'aunin daga sama, bai sauko da idonsa daidai da saman ruwan ba, nan ma ya kauce. Yaron da ya kalli malami yana yi daga bayan aji zai iya haddace waɗannan, amma wanda ya ɓata nasa da hannunsa ya sake shi ne ba ya mantawa. Wannan tazara ita ce take bayyana a shekarar farko ta jami'a.

Gyaran rubutu ma haka. Ana mayar da insha'i cikin mako guda da bayani a gefen takarda, a kuma sa yaro ya sake rubutawa. Jan biro da maki kaɗai ba sa koya wa kowa komai. Ɗakin karatu kuwa tsufansa ya nuna: littattafan adabi da tarihi sun wadata, na kimiyya da kwamfuta da yawa sun kwana biyu.

Babban raunin makarantar yana wurin yaron da ya koma ƙasan aji. Kowane ɗan aji ɗaya da ya shigo, na ɗaya ne ko na biyu a firamarensu. Zangon farko na ƙarewa, dole wani ya zo na talatin. Masu bincike Herbert Marsh da John Parker sun nuna tun 1984 cewa yara biyu masu ƙwaƙwalwa ɗaya, wanda ke cikin haziƙai ya fi raina kansa. Kifin fadama ne ya tsinci kansa a gulbi. Alamomin a fili suke: ya daina ɗaga hannu, ya koma kujerar baya, ya fara kwafar aikin gida don kada a gane bai fahimta ba. Malaman sun saba gudu da na gaba, manhaja ba ta jira, kuma lissafi ba ya yafe giɓi, domin wanda bai riƙe aljabara ba zai sha wuya a fiziks shekara mai zuwa. Akwai darasin taimako, amma sai yaro ya kai kansa, kuma yaron da kunya ta kama ba ya kai kansa. Kamata ya yi malamin aji ya tura shi tun daga gwajin tsakiyar zango. Wannan abu yana damuna ƙwarai, don gyaransa ba ya cin kuɗi.

Ga kuma barci. Likitoci sun ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Idan karatun dare ya kai ƙarfe 9:30, aka kashe fitila 10, aka tashi 5:30, awa bakwai da rabi ke nan a takarda, kafin a cire na masu karatu da tocila lokacin jarrabawa. Darasin farko na safe ne ke biyan bashin.

Ayyukan bayan aji su ne na fi yabawa, saboda ɗalibai ne ke tafiyar da su, malami yana gefe. A ƙungiyar muhawara ana ba yaro ɓangaren da bai yarda da shi ba ya kare, a ƙayyade masa minti, a buga ƙararrawa idan ya zarce. Mujallar makaranta tana da edita ɗalibi da ranar rufe karɓar rubutu da ba a ɗagawa. Gasar guje-guje da ƙwallo tsakanin gidajen kwanan ɗalibai tana ba da maki har ga wanda ya shiga kawai, shi ya sa marar gudu ma yana da amfani ga gidansu. Shirin lambar yabo ta Duke na Edinburgh, wanda aka fara a 1956, yana buƙatar aƙalla wata shida a matakin farko, wato na tagulla: aikin sa kai, motsa jiki, koyon wata fasaha, da tafiyar yini biyu da kwana ɗaya a waje. Matsalar da ke tasowa ita ce haɗama. Yaro ya rubuta sunansa a ƙungiya biyar don takardar shaida, ya kasa riƙe ko ɗaya. Biyu sun isa, ɗaya ta jiki, ɗaya ta ƙwaƙwalwa, ya zauna a cikinsu har ya kai ga shugabanci.

Ba manyan ɗalibai ikon kula da ƙanana tsohon tsari ne, wanda Thomas Arnold ya ƙarfafa a makarantar Rugby ta Ingila bayan ya zama shugabanta a 1828. Yana koyar da ɗaukar nauyi, amma inda malamin gida ba ya zagaya ɗakunan kwana, yana rikiɗewa cin zali, a kira shi al'ada.

Wanda zai kai ɗansa, ya nemi ganin littafin aikin gwaje-gwaje na wani ɗan aji biyar, ya duba ko adadin da ke ciki ya bambanta da na abokinsa. Ya tambayi me ake yi wa goman ƙarshe a aji, da ƙarfe nawa ake kashe fitila, da kuma ko malamin gida a cikin gidan yake kwana.