Shattered Pixel Dungeon: wasan da ba ya motsi sai ka motsa

A Shattered Pixel Dungeon lokaci a hannunka yake. Kana tsaye a wani ɗaki can ƙarƙashin ƙasa, ƙaguwa ta ɓullo daga ƙofa ta nufo ka, jininka saura kaɗan, amma babu abin da zai faru sai ka taɓa fuskar wayar. Ko ka ajiye ta ka dawo bayan awa biyu, ƙaguwar tana nan inda ka bar ta. Kai ka taka, su su taka, kamar dara. Wannan tsari shi ya riƙe ni a wasan, kuma saboda shi nake ganin ya cancanci a yi masa sharhi mai tsawo, duk da cewa hotunansa 'yan ɗigo-ɗigo ne irin na wasannin da, waɗanda ba za su burge wanda ya saba da manyan wasanni na zamani ba.

Wasan yana da asali mai nisa. A 1980 wasu ɗaliban jami'a a Kalifoniya ta Amurka, Michael Toy da Glenn Wichman, suka rubuta wani wasa mai suna Rogue, daga baya Ken Arnold ya shiga aikin. Kwamfutocin da suka yi aiki da su ba sa nuna hoto, don haka alamar @ ce ɗan wasa, dodanni kuma haruffa ne. Kowace shiga kwamfuta ce ke zana sabon kurkuku, kuma wanda ya mutu ya mutu ke nan, sai ya koma farko. Daga nan aka samu Moria, da NetHack a 1987, da Angband, da Brogue na Brian Walker, har aka riƙa kiran dangin gaba ɗaya da sunan kakan nasu. Wani mai shirya wasanni da aka fi sani da Watabou ya kawo salon cikin wayar hannu a 2012 da Pixel Dungeon. Da ya buɗe lambobin manhajar ga kowa a 2014, Evan Debenham, ɗan ƙasar Kanada, ya ɗauka ya gina nasa a kai, kuma tun daga lokacin yake ta sabunta shi. Har layar da ake nema a ƙarshe, layar Yendor, gadon Rogue ce, kuma a can ma a hawa na 26 take.

Kurkukun yanki biyar ne, kowanne hawa biyar, ana gangarawa ƙasa: magudanan ruwa na ƙarƙashin birni, gidan yari, ramukan haƙar ma'adinai, birnin wadanni, sai zaurukan aljanu. A ƙarshen kowane yanki akwai babban dodo mai tsare hanya. Goo a hawa na 5, Tengu a na 10, wata na'ura mai suna DM-300 a na 15, Sarkin Wadanni a na 20, Yog-Dzewa a na 25. Jarumai shida ne ake zaɓa daga cikinsu, amma sabon shiga da mayaƙi kawai zai fara, sauran suna buɗuwa yayin da mutum ke gwada abubuwa a wasan. Mai sihiri yana da sandarsa, ɓarawo yana da alkyabbar ɓacewa, mafarauciya tana da bakan da kibiyarsa ba ta ƙarewa. Gwanar takobi ta shigo a 2023, mai ibada kuma a 2025.

Inda wasan ya fi daɗi a wurina shi ne hawa huɗun farko, lokacin da ba ka san komai a jakarka ba. Za ka tsinci kwalba ja, kwalba shuɗiya, da naɗaɗɗun takardu masu baƙin rubutu, kuma wasan ba zai faɗa maka amfanin yawancinsu ba. Launin da ya zama maganin warkewa a wannan shigar zai iya zama wuta ko iskar guba a ta gaba, domin kowane sabon wasa ana sake cakuɗa su. Mai gaggawa zai shanye duka ya ga abin da zai biyo baya. Wanda ya ɗan zauna da wasan kuwa zai fara lissafi. Idan kwalba biyu ko uku launinsu ɗaya ne, akwai alamar maganin warkewa ne, tunda shi aka fi samu, don haka a adana shi. Idan za a gwada wadda ba a sani ba, a tsaya cikin ruwa, saboda wuta ba ta ci a kansa, kuma a tabbata babu maƙiyi kusa, domin akwai iskar da ke daskarar da mutum ya kasa motsi. Akwai ma wata dabara da na fi so. Idan ka ga ɗakin da aka toshe ƙofarsa da katako, to a wannan hawan an ajiye kwalbar wuta a wani wuri. Idan ɗaki ne mai tafki da kifaye masu cizo suna gadin akwati, akwai kwalbar ɓacewa. Wato taswirar kanta tana ba ka labarin abin da ke jakarka, in ka iya karanta ta. Ranar da na fara gane wannan na ji wasan ya buɗe mini ta wata fuska daban, domin abin da nake ɗauka sa'a ce ashe rabinsa lura ce.

Faɗa ma haka yake. Macijin magudanan ruwa yana da zillewa, za ka yi ta kai masa sara kana dukan iska. Amma duk maƙiyin da bai gan ka ba, saran da ka kai masa ba ya kuskure. Sai ka ja da baya ka shige ƙofa, ka tsaya a bayanta, yana leƙowa ka sare shi. An sa macijin ne musamman don ya koyar da wannan, kuma darasin yana aiki har hawa na 25. Taron ƙudaje yana rabuwa biyu duk lokacin da ka buge shi, saboda haka a lungu ake yaƙarsa inda ɗaya kawai zai iya isowa gare ka. Ƙwarangwal na gidan yari yana tarwatsewa idan ya mutu ya ji wa na kusa da shi rauni. Mai gadi yana jefo sarƙa ya jawo ka. Goo yana warkewa idan yana cikin ruwa, kuma kafin ya yi babban bugunsa sai ya kumbura, wanda ya ga haka ya matsa nesa ya tsira. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar saurin yatsa. Dattijo mai rawar hannu da yaro ɗan sakandare matsayinsu ɗaya a gaban Goo.

Akwai kuma takardun ƙarin ƙarfin kaya, waɗanda su ne ainihin dukiyar wasan. Uku ake samu a kowane yanki, kwalaben ƙarfin jiki kuma biyu, ba a ƙara maka don ka daɗe kana yawo. Jarumi yana farawa da ƙarfi 10, sulke mafi nauyi kuma yana neman 18. To ga ka a hawa na 3 ka tsinci wannan sulken. Ka zuba takardunka a kansa ka jure nauyinsa da jinkirin tafiya, ko ka kashe su a kan ɗan takobin da ke hannunka don ka wuce Goo, ko ka riƙe su har ka ga abin da kantin hawa na 6 zai kawo? Duk zaɓin da ka yi ba ya warwaruwa. Na sha tsayawa minti da yawa a kan irin wannan tambaya, kuma ban taɓa jin lokacin ya tafi a banza ba. Yunwa ce ke hana mutum wuce gona da iri wajen jira: bayan motsi 300 jarumi zai ji yunwa, a 450 ta fara cin jininsa, abinci kuma ƙididdigagge ne. Don haka tunani kyauta ne, amma kowane taku da kuɗinsa.

Maganar mutuwa ita ce ke raba mutane a kan irin waɗannan wasanni, kuma na fahimci wanda ya ce ba zai iya ba. Ka kwashe sa'o'i kana gina jarumi, ka kai birnin wadanni da makami mai kyau, motsi uku marasa kyau su shafe komai. Babu komawa wurin ajiya na baya. Akwai wata alama da ake saya a kanti mai tayar da mutum sau ɗaya, iyakarta ke nan. Ciwon gaske ne, ba na rage shi. Sai dai ina ganin idan aka cire shi, duk abin da na yaba a sama ya rushe. Gwada kwalba ba zai zama komai ba in za ka iya komawa baya ka fasa sha. Wasu sababbin wasanni da suka ari salon, irin su Hades na 2020, suna barin ɗan wasa ya tara ƙarfi daga mutuwa zuwa mutuwa har hanya ta yi sauƙi, kuma suna da nasu daɗin. A nan jarumin da ka fara da shi yau daidai yake da na ranar farko, jini 20, ƙarfi 10. Idan ka kai nesa fiye da jiya, kai ne ka canza. Wani lokaci za ka ci karo da ƙasusuwan jaruminka na baya da ɗan abin da ya bari, amma wannan bai kai ya ɗauke ka ba. Kuma galibin mutuwa a wasan tana da bayani. Idan ka duba jakar mamacin sau da yawa za ka ga abin da zai cece shi yana ciki, takardar da ke ɗauke mutum zuwa wani wuri, ko irin shuka mai daskarar da maƙiyi, an yi ta adana su don wata rana.

Wani abin da ya sa nake girmama wasan shi ne yadda yake bi da mai yin sa. Ba talla, ba buƙatar intanet, ba agogon da zai ce ka dawo bayan awa shida ka karɓi kyauta, kuma ba a sayar da ƙarfi. Girmansa kaɗan ne, tsohuwar waya ma tana ɗaukarsa. Yana nan a Android da iOS, ya kuma shiga Steam a 2022 don masu kwamfuta. Za ka iya rufe shi a tsakiyar faɗa ka buɗe gobe ka ci gaba daga wannan takun.

Yana da nasa nauyin. Tunda sabon shiga zai yi ta mutuwa a hawa biyar na farko, zai ga magudanan ruwa da ɓerayensu har su gundure shi, alhali yankunan da suka fi armashi suna can ƙasa bai kai ba. Sa'a ma tana da hannu a farkon tafiya fiye da ƙarshenta: wata shigar sulke mai kyau zai zo maka a hawa na 2, wata kuma ka isa wurin Goo da rigar da ka shigo da ita. Tukunyar haɗa magunguna tana da girke-girke masu yawa, kuma ni dai na daɗe ina wuce ta kafin ta zama mini abin amfani. Wasan karatu ne ƙwarai. Akwai shafukan littafin jagora da ake tsinta a hawa na farko-farko, akwai madubin dubawa da ke bayanin kowane dodo da kowane tarko, kuma wanda ba ya son tsayawa ya karanta zai sha wahala ninki biyu. A ƙaramar waya kuma murabba'an ƙanana ne, gara mutum ya ƙara girman hoton kafin faɗa mai tsanani, domin taku ɗaya a wurin da ba a nufa ba yana iya zama na ƙarshe.

Labari kaɗan ne, ana tsintarsa a 'yan rubuce-rubuce da bakin mutanen da ake haɗuwa da su: fatalwa mai baƙin ciki a magudanan ruwa, tsohon mai sassaƙa sandunan sihiri a gidan yari, maƙeri a cikin ramuka. Kowannensu yana da aikin da zai ba ka da ladan da zai biya. Wanda ke neman dogon labari mai jan zuciya ba zai same shi a nan ba. Labarin da ke zama a ran mutum shi ne na shigarsa, yadda ya tsere wa Tengu da jini biyu, ko yadda wata sandar da ya raina ta kai shi har zaurukan aljanu.

Ga mai son farawa, shawarata ya zauna da mayaƙi har ya kayar da Goo, ya bincike kowane ɗaki kafin ya sauka tunda takardu da kwalaben ƙarfi a warwatse suke, kuma ya yi amfani da abin da ke jakarsa tun jininsa yana rabi. Wanda ya kai ga layar yana da zaɓi: ya ƙare wasan nan take, ko ya juya ya hau da ita har waje, tafiyar da ta fi saukowa wuya. Bayan nasarar farko ana buɗe wasan rana, inda kowa a duniya ke shiga kurkuku iri ɗaya a wannan ranar, da kuma ƙalubale tara da mutum zai iya ɗora wa kansa. Ɗaya yana rage takardun ƙarin ƙarfi zuwa rabi, wani yana taƙaita nisan gani, wani kuma yana mai da maganin warkewa guba. Wannan na ƙarshen shi nake fama da shi yanzu, kuma ya tilasta mini koyon shuke-shuke da raɓar da ake tarawa a salka, abubuwan da a da nake takawa in wuce.