Wandon kariya na masu injin yankan itace, ga yadda na same shi

Masu aiki da injin yankan itace, mai sarƙa ɗin nan, ku zo mu yi maganar wandon kariya, don mutane da yawa gani suke wandon aiki ne kawai aka yi masa kala mai ɗaukar ido. Wallahi ba haka ba ne, kuma duk wanda zai tada injin nan ina ba shi shawara ya nemi nasa.

Daga waje yadi ne mai kauri, shi ke nan. Aikin yana ciki. An jera dogayen zaruruwa masu ƙarfin gaske hawa-hawa, da gangan aka bar su sako-sako, to da haƙoran sarƙa sun yaga yadin sama sai su fizgo zaren su wuce da shi cikin injin, ya nannaɗe ƙarfen da ke juya sarƙar ya cushe shi, sai ta tsaya cak kafin ta kai ga nama. Na ga an gwada da tsohon wando da aka ɗaura wa gungume, ana ɗora injin ya ce ƙit ya tsaya, farin zare ya cika murfin gefe kamar an cusa auduga, sai da aka kwance murfin aka yi ta tsinta da hannu. Gungumen kuwa ɗan ƙwarzane kawai ya samu. Ka ƙaddara cinyarka ce a wurin.

Kafin ka biya kuɗi ka juya cikin wandon ka duba tambari. Na gaske yana da hoton injin da lambar ƙa'idar gwajin inganci EN ISO 11393, wadda ta maye gurbin tsohuwar lamba EN 381, sannan akwai aji. Aji na 1 an gwada shi da sarƙa mai gudun mita 20 a daƙiƙa ɗaya, na 2 mita 24, na 3 mita 28, sai ka duba littafin injinka ka ga gudun tasa sarƙar. Nau'in A gaban ƙafa yake karewa, nau'in C ya zagaye ƙafar gaba da baya. Nawa aji na 1 ne nau'in A tunda a ƙasa nake aiki, amma mai hawa bishiya ko sabon koyo gara ya ɗauki C. In babu tambarin nan, ko me mai sayarwa ya ce maka, ka ajiye masa kayansa.

Abin da bai yi min ba, zafi. Kai, akwai zafi, in aiki ya yi nisa gumi har cikin takalmi, ga nauyi, dole ka riƙa hutawa kana shan ruwa, don gajiya ita ce ke sa hannu ya saki. Yana kuma son wanki yadda aka rubuta a jikinsa saboda mai da datti suna manne zaren ya kasa fitowa da sauri. Kuma in sarƙa ta taɓa yanka shi sau ɗaya to ya gama aiki, kar ka kai a ɗinke, ɗinkin zai riƙe zaren da ya kamata ya zare. Masu injin lantarki ko na batir ku karanta gargaɗin da ke tare da wandon, wasu kamfanonin suna cewa ba lallai ya tsayar da irin waɗannan ba.

Inda nake so a fahimce ni sosai, wandon ƙafa kaɗai ya sani. Haɗarin da ya fi ban tsoro shi ne injin ya yi tsalle ya dawo kanka, wanda ke faruwa idan saman hancin dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kai ya taɓa reshe ko itace ya matse sarƙar, kafin ka ƙifta ido ya nufo fuska da kafaɗa. Nan sai birkin sarƙa, ka gwada shi kullum kafin ka fara, sai riƙo da hannu biyu, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙin gaba, kar ka yi yanka sama da kafaɗarka, kar ka hau tsani da shi. Ni da hular kwano na haɗa, mai ragar fuska da abin rufe kunne, don ƙarar injin fetur tana wuce desibel 100 a ma'aunin ƙara, alhali daga 85 kunne ke fara cutuwa in an daɗe ana ji. Ragar tana tare ɓarɓashi amma ƙura mai laushi tana ratsawa, sai ka sa tabarau a ciki. Takalmi ma mai bakin ƙarfe.

Kar kuma wani ya ɗauka wandon zai yi masa aiki a kan injin yankan ƙarfe mai faifai, ba don shi aka yi ba. Can maganinsa ka bar murfin faifan a inda yake, ka cire fulogi ko batir kafin ka canza faifai, ka guji riga mai lilo.

Wajen saye ka gwada wandon a jikinka, ka tsuguna ka miƙe ka ɗaga ƙafa, ka tabbatar ƙasansa ya sauko ya rufe saman takalmi, in ya ɗage ya bar idon sawu a waje ka ce a ba ka wanda ya fi shi tsawo.